Kafin ka doshi ƙofar bariki, san wa ke gaba da wa

Wata ranar Talata bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida nan Hayin Banki, sai ga wata baiwar Allah, yaron maƙwabcina ya rako ta. Bayan mun gaisa ta ce, "Baba Samanja, wurinka aka turo ni. Ɗana ne, wata huɗu ke nan ko ɗuriyarsa ba mu ji ba, waya kuma ba ta shiga." Na ce, "Allah ya sa lafiya, Hajiya. A wace bataliya yake?" Ta ce soja ne. Na ce na ji, to lambarsa fa? Sai ta zaro waya daga jaka ta nuna mini lambar da take kiransa da ita.

Ban yi mata dariya ba, don ba ita ce ta farko ba. Shekara 31 na yi a cikin kaki, fiye da rabinsu ina akawu a ofishin bataliya, duk takardar da za ta hau sama ko ta sauko ƙasa sai ta bi ta kan teburina. Tun da na yi ritaya, mako ba ya ƙarewa ban ga irin Hajiya ba: uba mai neman a sauya wa ɗansa wurin aiki, matar da albashin mijinta ya tsaya, mai gidan haya da soja ya riƙe wa kuɗi, direban da aka mara a shingen bincike. Kuma wai a Kaduna muke, garin da da wuya ka sami layin da babu soja, ko matar soja, ko mai bin soja bashi. Tare muka tashi da su, amma yawancinmu kakin kawai muke gani. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da nake maimaitawa a bakin ƙofa, ko bakina ya huta.

Gidan soja tsani ne. Oda daga sama take saukowa, koke daga ƙasa yake hawa, kowanne kuma sai ya taka matakalar da ke gabansa kafin ya isa ta gaba. In ka san a wace matakala mutuminka yake tsaye, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Abu huɗu da za ka rubuta yau

In kana da ɗa, ko miji, ko ƙane a soja, sami takarda ka rubuta lambarsa ta aiki, muƙaminsa, cikakken sunansa yadda yake a takardun soja, da bataliyar da yake. A jere haka, don haka muke rubutawa a ofis.

Suna shi kaɗai ba ya nemo mutum a bariki. Na taɓa riƙe rajistar kamfanin da Musa biyar ne a ciki, biyu har sunan uba ɗaya. Lamba ce ba ta da tagwai. Ta hafsan sojan ƙasa da harafin N take farawa, sai lambobi su biyo. Ta ƙananan sojojin da ke fitowa daga horo a Zariya yanzu kuwa tana farawa da shekarar da aka ɗauke su, sai NA, sai lambar rukunin da suka yi horo tare, sai tasa shi kaɗai. Da na ga lambar yaro na san shekararsa nawa a aiki, ko bai buɗe baki ba.

Na huɗun ne mutane suka fi sakaci da shi. "Yana Maiduguri" ba adireshi ba ne. "Yana Jaji" ma haka, don Jaji gari guda ne na makarantu da rundunoni daban-daban. Ka tambaye shi lambar bataliya da sunan kamfaninsa, duk lokacin da aka sauya masa wuri kuma ka gyara takardarka.

Koyi karanta hannu da kafaɗa

Gida biyu ne a cikin kaki ɗaya: hafsoshi da sauran sojoji. Ƙaramin soja galibi ta Depot na Zariya yake shigowa, wurin da ake horar da kurata tun 1924, ya yi wajen wata shida ana gasa shi. Af, kurtu sunan mai koyo ne. Ranar da ya yi faretin fita ya zama farabiti, don haka ka daina ce wa mutum mai shekara goma a aiki kurtu, ba ya jin daɗi. Hafsa kuwa ta NDA yake fitowa, makarantar da aka kafa a nan Kaduna a 1964. Mai cikakken kwas na sojan ƙasa shekara biyar yake yi, wanda ya zo da digirinsa kuma akwai gajeren kwas na watanni. Abin da ya raba su shi ne takardar naɗi da hafsa ke karɓa da sunan shugaban ƙasa. Ita ake sara wa, shi mutum yana ɗauke da ita ne kawai.

Ƙananan sojoji igiya suke ɗaurawa. Farabiti hannunsa fayau. Las kofur igiya ɗaya, kofur biyu, saje uku, sitaf saje uku da mikiya a samansu. Daga nan sai samanja, wanda shi ma hawa uku ne, kuma ya bar igiya ya koma ɗaura tambari.

Hafsoshi anini suke sawa. Ina jin sunan daga tsohon kuɗin nan ya samo, mai huda a tsakiya da tauraro a jiki. Sakan laftanar anini ɗaya, laftanar biyu, kyaftin uku. Manjo mikiya ita kaɗai. Laftanar kanar mikiya da anini ɗaya, kanar mikiya da biyu, birgediya janar mikiya da uku. Daga manjo janar sai takobi da sanda a gicciye su shigo tare da mikiya, laftanar janar a ƙara masa anini ɗaya, cikakken janar biyu. In ka ga jan ƙyalle a wuyan riga, daga kanar ne zuwa sama, su muke kira masu jan wuya. A kakin daji wani lokaci a ƙirji ake maƙala alamar, sai ka duba nan.

Wuri biyu ake tuntuɓe. Manjo ya fi laftanar, amma laftanar janar ya fi manjo janar. Haka abin yake, haddace shi kawai. Na biyun ya fi ɗaure wa farar hula kai: sakan laftanar ɗan shekara 23 da ya fito NDA jiya yana gaba da samanja mai furfura. Ni da kaina na ƙame na sara wa yaron da sa'an ɗana ne, har na san babansa a Unguwar Sarki, kuma ban ji komai a raina ba, don ƙa'ida ce. Sai dai shi ma in mai hankali ne, ya san wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Yaran hafsoshin da na ga sun yi nisa a aikin nan, waɗanda suka riƙa kiran sajensu gefe ne suna tambaya kafin su ba da oda.

Tunda muna da sansanin sojan sama a Mando, ka riƙe wannan ma. Sikwadiron lida daidai yake da manjo, wing kwamanda da laftanar kanar, gurup kyaftin da kanar. A sojan ruwa kuma kyaftin babban mutum ne, sa'an kanar. Na ga wanda ya raina kyaftin na ruwa a wurin ɗaurin aure yana zaton mai anini uku ne, ya ba shi kujerar roba a rana.

Tsanin daga ƙasa

In akuyar maƙwabci ta cinye maka shuka, ba fadar Zazzau kake nufa ba. Mai unguwa za ka fara gani, in ya gaza a je ga dagaci, sannan hakimi. To haka soja yake, sai dai shi ba ya yafe tsallake.

Mafi ƙanƙanta ita ce sekshan, mutum wajen goma a hannun kofur. Sekshan uku su ba da filatun, mutum talatin da 'yan kai, laftanar ke riƙe da ita, saje na dafa masa. Filatun uku ko huɗu su zama kamfani, mutum ɗari da wani abu, a hannun manjo ko kyaftin, shi ake kira OC. Kamfanoni su haɗu su zama bataliya, mutum ɗaruruwa, a ƙarƙashin laftanar kanar, wato CO. Bataliya kamar uku su yi birged, ta birgediya janar. Birged-birged su yi dibishan, wadda manjo janar ke shugabanta, shi ne GOC ɗin da kake ji a rediyo. Lissafin takarda ke nan. A fili sau da yawa mutanen ba sa cika, amma tsarin ba ya canzawa.

A duk matakalan nan, bataliya ce gidan soja na gaskiya. Nan fayil ɗinsa yake, nan ake ba shi fas ya zo gida, nan ake hukunta shi, nan ake rubuta sunansa in lokacin ƙarin igiya ya yi. Don haka ka san mutum biyar da ke cikinta.

CO shi ne mai gida, maganarsa ce ta ƙarshe a cikin shingen. Yana da mataimaki, yawanci manjo, mai riƙe gida in ba ya nan. Sai ajutan, matashin hafsa, galibi kyaftin, wanda ofis da takardu da ladabtarwa ke hannunsa. Babu takardar da ke isa teburin CO ba ta bi ta wurinsa ba, mu akawuna kuma a ƙarƙashinsa muke. Sai kwatamasta, mai kula da kaya: kaki, takalmi, abinci, gidajen kwana. Na biyar shi ne RSM, babban samanjan bataliya. Ba hafsa ba ne, yana sara wa sakan laftanar kamar kowa, amma a bariki in ya yi tari sai ka ga manyan mutane suna gyara hula. Shi ya san wanda ya yi sabon aure, wanda ke shaye-shaye, wanda matarsa ta yi yaji, wanda ke cin bashi a kasuwar mami. Shi ne kunnen CO a wajen sojoji, shi ne bakin sojoji a wajen CO. Rabin matsalolin da ake kawo mini a ƙofar gida, da ofishin RSM aka kai su da sun mutu a ranar.

Akwai wasu ƙofofi biyu da ba a rubuta su a jikin allo. Kowane bariki yana da limami da fasto, su ma sojoji ne masu muƙami, kuma CO yana sauraronsu. Matan bariki kuma suna da magajiya, haka ake kiranta ko a barikin Inugu ne ko na Ibadan. Kada ka yi mamakin jin Hausa a nan. Sojan Najeriya da mutum 18 ya fara a Legas a 1863, waɗanda ake kira Hausawan Glover, kuma shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki. Samanja, kofur, gadirum, fareti, duk Turanci ne, bakin kakanninmu ne ya lanƙwasa su. In matsalar ta cikin gida ce, 'yata, fara da magajiya.

Dibishan-dibishan da aka daɗe da sani su ne ta 1 a Kaduna, ta 2 a Ibadan, ta 3 a Jos, ta 6 a Fatakwal, ta 7 a Maiduguri, ta 8 a Sakkwato, ta 81 a Legas, ta 82 a Inugu. Kada lambobin su ruɗe ka, ba a jere suke ba. Ta 7 a 2013 aka kafa ta saboda rikicin Boko Haram. Tamu ta nan, wadda 'yan jarida ke kira Runduna ta Ɗaya, hedikwatarta na barikin Dalet a Kawo, kuma ikonta ya wuce jihar Kaduna: birged ta 3 da ke barikin Bukavu a Kano tata ce, haka ta 31 da ke Minna. Katsina da Zamfara da Kebbi kuwa yanzu Sakkwato suke kallo. In ɗanka yana Gusau, zaryar Kawo ba za ta amfane ka ba.

Can sama

Kowane GOC yana amsa wa babban hafsan sojan ƙasa a Abuja. Sojan ruwa da na sama kowanne da nasa babban hafsan. Sama da su ukun akwai babban hafsan tsaro, mai haɗa kansu in aiki ya zama na tare. A 1980 aka fara naɗa wannan kujera, Laftanar Janar Alani Akinrinade ne ya fara hawa. 'Yan jihar nan ma sun hau: Janar Martin Luther Agwai a 2006, Janar Christopher Musa a 2023. Ministan tsaro kujerar siyasa ce, tasa ita ce manufa da kasafi da zaman majalisun da ke amincewa da ƙarin girman manyan hafsoshi. Ba shi ke cewa kamfani kaza ya tashi ya tafi Birnin Gwari ba.

Ƙarshen tsanin shugaban ƙasa ne. Sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunonin uku ya faɗi aikinsu, sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa ikon cewa ga yadda za a yi amfani da su, da ikon naɗa manyan hafsoshin huɗu. Shi ma gaba da gabanta. Majalisa ke tantance waɗanda ya naɗa, ita ke amincewa da kuɗin da za a kashe, ba zai shelanta yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun biyu sun zauna tare sun yarda, kuma tura soja yaƙi a wajen Najeriya sai da amincewar majalisar dattawa.

Gwamna fa? Ana ce masa babban jami'in tsaron jiha, yana zama da kwamandoji a taron tsaro, yana iya saya musu motoci, yana iya roƙo. Amma ba shi da ikon ba ko las kofur oda. Duk wanda ya ce maka zai sa gwamna ya dawo da ɗanka Kaduna, ka riƙe kuɗinka.

Wani abin lura: kujera ba ta kwana babu kowa. Ranar 21 ga Mayu 2021 jirgin da ke ɗauke da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, babban hafsan sojan ƙasa, ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna. Allah ya ji ƙansa da waɗanda ke tare da shi. Mako bai cika ba aka naɗa Manjo Janar Faruk Yahaya, wanda ke jagorantar yaƙi a Maiduguri a lokacin. Haka yake har ƙasa: kofur ya faɗi, las kofur ya karɓa, ba a jiran taro. Akwai kuma al'adar cewa in aka ɗauko na baya aka ɗora a kan babbar kujera, waɗanda suka riga shi fita NDA yawanci ritaya suke tafiya, don ba a son babba ya sara wa ƙanensa na kwas. Shi ya sa duk sanda aka sauya manyan hafsoshi za ka ji janar-janar da yawa sun ajiye kaki lokaci guda.

Ba duk kakin Kaduna ne na GOC ba

A nan ne ɗan Kaduna ya fi shan wahalar banza. NDA, da tsohon mazauninta na barikin Ribadu da sabon na Afaka, ta rundunoni uku ce, hedikwatar tsaro take amsa wa. Kwamandanta manjo janar ne kamar GOC, amma babu wanda ke yaron wani. Kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji ita ma ta su uku ce. DICON ta Kakuri, masana'antar makamai da aka kafa a 1964, ma'aikatar tsaro take bi. Sojan sama na Mando nasu layin daban har Abuja. Asibitin 44 na ɓangaren likitocin soja ne. Makarantar manyan bindigogi ta Kachia, da Depot, da makarantar yara ta soja a Zariya, kowacce da kwamandanta. In ɗalibin NDA ne ya yi maka ba daidai ba ka kai ƙara Dalet, za a karɓe ka da mutunci a nuna maka hanyar Afaka, ka yi asarar kuɗin mota.

Sai batun aikin haɗin gwiwa, irin su Haɗin Kai na arewa maso gabas, wanda a da ake kira Lafiya Dole. Sojan da aka tura irin wannan aiki uba biyu gare shi. Kwamandan fagen daga ke ba shi oda a can, amma bataliyarsa ta asali ce ke riƙe da iyalinsa da gidansa na bariki. Ko bataliya gaba ɗaya ta tashi, ana barin hafsa da 'yan sojoji su tsare gida, su ne masu sauraron iyalai. Su za ka nema, kada ka hau motar Maiduguri.

Yadda za ka shigar da magana

Rubuta takarda. Soja ba ya aiki da "na faɗa masa". A sama ka sa CO na bataliya kaza, ko da ba shi za ka gani ba. Layi na farko abu huɗun nan. Sannan ka faɗi abin da ya faru, da rana, da wuri, da abin da kake roƙo. Kada ta wuce shafi ɗaya. Doguwar takarda mai farawa da tarihin kakanni, wallahi ƙasan tire take komawa, ni shaida ne don ni nake mayar da ita. Sa sunanka da lambar wayarka, ka yi kwafi biyu.

Tafi da katin shaida. Zo tsakanin ƙarfe 10 da 12, bayan an tashi daga faretin safe, kafin azahar. Kada ka ajiye mota ko babur a bakin ƙofa, kada ka ɗaga waya kamar mai ɗaukar hoto. Gai da na bakin ƙofa, in ka iya karanta igiyarsa ka kira shi da ita, "Sannu da aiki, kofur," za ka ga fuska ta saki. Ka ce ofishin RSM kake nema ko na ajutan. Kada ka ce CO, don amsar ita ce ba ya nan. In an karɓi takarda, roƙi akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Wannan hatimin shi ne makaminka. In mako biyu ya wuce shiru, ka dawo da shi. In an sake shiru, yanzu kana da hujjar hawa matakala ta gaba, ka rubuta wa birged ka liƙa kwafin ta farko.

In ƙarar soja ka kawo, wanda ba ka san bataliyarsa ba, abin da za ka tattara tun a wurin shi ne sunan da ke ƙirjinsa, igiyarsa, lambar motarsu, wuri da lokaci, da wanda ya gani. A zuci za ka haddace, kada ka tsaya musu da mai bindiga a kan titi. Sannan ka nemi 'yan sandan soja, masu jar hula, ko ofishin hulɗa da farar hula na dibishan. Ƙaramin laifi CO ke yanke hukunci, babba a kafa kotun soja, kuma kaki ba ya hana a gurfanar da mutum a kotun gari in laifin na can ne. Ba zan ce maka kowane mai kuka ake share wa hawaye ba. Na ga fayil ɗin da ya yi ƙafa, na ga inda aka rufa wa na gida asiri, kuma abin yana ci mini rai har yau. In ka ga alamar haka, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana nan, lauyoyi suna nan. Amma ko su abin da za su fara tambayarka shi ne takardar da ka shigar da hatimin da ke kanta.

Abin da tsallake ke jawowa

A wata bataliya da na yi aiki, wani dattijo mai hanya ya so a dawo da ɗansa kusa da gida. Bai zo wurinmu ba. Ya sami wani babba ya rubuta masa wasiƙa, aka miƙa wa janar hannu da hannu a wurin biki. Janar ya karɓa da fara'a, ya ba hafsan ofishinsa. Wasiƙa ta sauko birged, birged ta turo mana, kowa ya ɗan yi rubutu a gefe. Mako uku sai ga ta a teburina, da layi ɗaya a sama: CO ya yi bayani. Ka ga yanzu CO ne ake tambaya me ya sa sojansa ke kai kuka waje. Aka kira yaro, ya rantse bai san babansa ya yi ba, kuma na yarda da shi. Bai sami sauyin ba, sunansa kuma ya zama "ɗan manya" har ya bar bataliyar. Abin haushin, mahaifiyarsa ce ba lafiya, dalili mai ƙarfi. Da shi ya rubuta ta hannun OC ɗinsa ya haɗa da takardar likita, ni na san irin wannan roƙo ana dubawa.

Shi soja yana da hanyoyinsa. Kokensa ta hannun saje yake bi zuwa OC zuwa CO, kuma dokar soja ta ba shi damar ɗaukaka shi sama in bai gamsu ba. Akwai kuma durba, taron da CO ke zama da sojojinsa kowa ya faɗi damuwarsa, daga ruwan famfo har kuɗin alawus. Aikinka na uba ko mata shi ne ka tura shi ya bi nan.

Haka batun ɗaukar aiki. Ba a sayar da gurbi, ta intanet ake cikewa, kuma kyauta ne. Tsarin mulki ma cewa ya yi a raba tsakanin sassan ƙasa, shi ya sa ake tantancewa jiha-jiha. Mai ce maka shi yaron janar ne, kawo dubu ɗari kaza, tambaye shi lambarsa da bataliyarsa ka ga yadda zai tuna yana da uzuri.

Hajiya dai na ce ta koma gida ta bincika kayan yaron. Kwana biyu ta dawo da hoton ranar da ya fita Depot, a bayansa ya rubuta lambarsa da biro. Matarsa kuma ta tuna lambar bataliyar daga jikin wata rigar motsa jiki da ya bari. Muka rubuta takarda rabin shafi, ƙanensa ya kai. Hafsan da ke tsaron gida ya duba ya ce yaro lafiyarsa ƙalau, an kai su wani ƙauye ne da babu sabis, ya kuma yi alkawarin aika saƙo ta rediyonsu. Kwana tara bayan nan ya kira ta da wayar wani.

Da ta zo yi mini godiya na tambaye ta wa ya rubuta a takardar magajinsa, wato wanda soja za su nema in wani abu ya same shi. Wannan takardar tana cikin fayil ɗinsa, ofishin ajiye bayanan sojoji kuma yana Lokoja, hukumar fansho tana Abuja, dukkansu sunan da ke rubuce suka sani. Rabon gado na shari'a daban ne, amma ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa, da hannun da za a fara miƙa wa takardu, na mai wannan sunan ne. Ta yi shiru, ta ce tana jin babansa ya sa, tun yana saurayi. Baban ya rasu shekara uku da suka wuce, yaron kuma yanzu yana da mata da 'ya'ya biyu. Na ce, "Hajiya, ranar da ya zo fas, kafin ya ci tuwo, ki ce ya wuce ofishin bataliya ya nemi akawu a ba shi sabon fom."